KAREN GADI YA FI GUBA: Darasi Daga Yaƙin Amurkawa da Koyoti

'Yan'uwa manoma, a taron ɗaya daga cikin ƙungiyoyinmu da aka yi a watan Maris, bayan mun gama maganar bashin taki, sai wata uwa ta tashi ta ce dila ya ɗauke mata 'yan awaki uku cikin mako biyu. Da su take sa zuciyar biyan kuɗin makarantar ɗanta. Ba ta ko zauna ba, wani saurayi ya ce ai abin ba wuya: a sami mushe, a barbaɗa masa maganin ƙwarin gona, a ajiye a bakin rafi, kowa ya huta. Wani kuma ya ce a'a, a tara karnukan gari duka ranar Asabar, a shiga daji, kada a bar dila ko ɗaya da rai. Aka yi ta gardama har rana ta yi sanyi. Na roƙi shugaban taro ya ba ni dama in kawo amsata a rubuce, domin sauran ƙungiyoyi su ma su ji. To, ga ta.

Akwai wata ƙasa da ta riga ta gwada waɗannan dabaru biyu, da kuɗi da kayan aikin da ba mu da su, har fiye da shekara ɗari. Ƙasar kuwa ita ce Amurka, dabbar da suka yi yaƙi da ita kuma ana kiranta koyoti. Ya kamata mu ji yadda suka ƙare kafin mu bi sawunsu.

WANE NE KOYOTI?

Koyoti ɗan'uwan kare ne, gidansa Amurka ta Arewa. Sunan ya fito ne daga harshen mutanen Aztek na ƙasar Meksiko. In ka hango shi daga nesa sai ka rantse dila ne: dogon baki, kunnuwa a tsaye, jela mai gashi a sunkuye, jiki toka-toka da ɗan ja. Sai dai ya ɗan fi dila girma, gama nauyinsa yakan kama daga kilo 9 zuwa kilo 20. Kamannin nan ba na ido kaɗai ba ne. A shekarar 2015 masana suka gwada jinin dilan nan mai launin ƙasa da ke yawo a yankin Sahel da Afirka ta Arewa, suka tarar ya fi kusa da koyoti da kyarkecin Turai a kan dilan ƙasashen Asiya. Har a tatsuniya ma halinsu ɗaya. Yadda muke kiran dila malamin daji, haka kabilun da Turawa suka tarar a Amurka suke da tatsuniyoyin koyoti mai wayo, wanda wani lokaci wayon nasa yakan ja masa.

Yawancin abincinsa ɓeraye ne da zomaye da kurege, da ƙwari, da 'ya'yan itatuwa, da mushe. Namiji da mace sukan zauna tare shekara da shekaru, su riƙe yankinsu, su kori baƙin koyoti daga ciki. Sau ɗaya suke haihuwa a shekara, bayan ciki na wajen kwana 63, 'ya'ya biyar ko shida a cikin rami.

Amma kada mu ɓoye laifinsa. Koyoti yana cin tumaki. Ƙididdigar Ma'aikatar Aikin Gona ta Amurka ta shekarar 2014 ta nuna cewa cikin tumakin da namun daji suka kashe, fiye da rabi aikin koyoti ne. Mai kiwon da ya fita da asuba ya tarar da 'yan tumakinsa a yashe, zuciyarsa ɗaya ce da ta uwar nan da ta yi magana a taronmu. Wannan ƙididdiga dai ta nuna abu biyu kuma da ya kamata mu riƙe. Na ɗaya, bayan koyoti, wanda ya fi kashe tumaki shi ne karen gida mai yawon banza. Na biyu, cuta da sanyi da wahalar haihuwa da tsufa sun kashe tumaki fiye da namun daji duka in an haɗa su.

YAƘIN SHEKARA ƊARI

A shekarar 1915 Majalisar Amurka ta ware kuɗi domin ma'aikatan gwamnati su riƙa kashe namun daji masu cin dabbobi. A 1931 aka yi doka ta musamman a kan haka. Aka sa tarko, aka yi harbi, aka haƙa ramuka aka kashe 'ya'ya, aka watsa nama mai guba a daji. Daga baya aka shiga harbi daga jirgin sama. Babban kyarkeci bai iya jurewa ba, ya ƙare a yawancin ƙasar. A gandun dajin Yellowstone ma an kashe na ƙarshe a 1926.

Koyoti fa? Har yau ma'aikatan gwamnati suna kashe fiye da 50,000 a kowace shekara, ban da wanda maharba da masu tarko suke kashewa, wanda ya ninka wannan sau da yawa. Duk da haka, dabbar da a dā ba a san ta ba sai a filayen ciyawa da hamadar yammacin ƙasar, yanzu tana cikin jihohi 49 daga cikin 50. Hawaii kaɗai ta tsira, don teku ya kewaye ta. Koyoti ya kai Alaska ta arewa, ya kai Panama ta kudu. Yana zaune a cikin birnin Shikago, inda masana suke bin sawunsa tun shekarar 2000.

Me ya sa haka? Dalili uku ne.

Na fari, da aka kashe babban kyarkeci, an kawar wa koyoti da wanda yake tsoro. Shaida kuwa, sa'ad da aka komo da kyarketai Yellowstone daga Kanada a 1995 da 1996, yawan koyoti a arewacin gandun ya ragu da wajen rabi cikin 'yan shekaru, ba da harsashi ko ɗaya ba.

Na biyu, in an rage su, abinci yakan wadaci waɗanda suka rage. Sai mata su haifi 'ya'ya da yawa, 'ya'yan su rayu, ƙananan mata da a dā ba su haihuwa su ma su fara. A 1975 wasu masana biyu na Jami'ar Kalifoniya, Connolly da Longhurst, suka yi lissafi, suka ce ko da za a riƙa kashe kashi 75 cikin 100 na koyoti kowace shekara ba fashi, sai an yi fiye da shekara 50 kafin su ƙare.

Na uku, yankin da aka kashe masu shi ba ya daɗewa a wofi. Akwai samarin koyoti marasa gida suna yawo, suna jiran gurbi. Ka kashe biyu yau, baƙi su shigo gobe, kuma ba ka san halinsu ba.

GUBA BA TA DA IDO

A 1971 aka tarar da gawarwakin mikiya a jihar Wyoming, sun ci naman da aka sa wa guba. Mikiya kuwa ita ce alamar ƙasarsu, tana jikin hatimin gwamnati. Mutane suka yi fushi ƙwarai. A watan Fabrairu 1972 Shugaba Nixon ya hana sa wa namun daji guba a filayen gwamnati. Shugaba Reagan ya soke wannan umarni a 1982, aka ci gaba da wasu irin guba bisa ƙa'ida.

Ɗaya daga cikinsu wani ɗan ƙarfe ne da ake kafawa a ƙasa kamar turke, a shafa masa abu mai wari. Dabbar da ta ja shi da baki, sai ya fesa mata guba mai kisa nan take. A watan Maris 2017, a jihar Idaho, wani yaro mai shekara 14 ya hau tudun bayan gidansu da karensa, ya ga ƙarfen, ya taɓa. Karen ya mutu a gabansa, shi kuma aka kai shi asibiti.

Da na karanta wannan labari sai na tuna da Duna. Duna baƙin kare ne na mahaifina, siriri, mai dogayen ƙafafu, ba zomon da ke tashi a gabansa ya sha. Shi ne yake raka ni gona ina yaro, shi yake zuwa tarye na a bakin hanya in na dawo hutu daga makarantar horon malamai. A wani hutun rani, wani maƙwabcinmu da dila ya dame shi ya sa maganin ƙwari a mushen akuya, bai gaya wa kowa ba. Da gari ya waye muka tarar da Duna a gindin ɗorawa, baki duk kumfa, da wata karya mai shayarwa ta wani gida, da ungulaye a zube kewaye da mushen. Ba a ga gawar dila ba. Mako bai cika ba ya sake ɗaukar ɗan akuya. Garin neman gira aka rasa ido. Maƙwabcin nan ba mugu ba ne, ya zo ya ba mahaifina haƙuri har da hawaye. Amma da yaro ne ya taɓa naman fa?

KARNUKA IRI UKU

Masu kiwo a Amurka suna son karnukansu kamar yadda mahaifina ya so Duna, kuma in suka zauna hira, kowa yana yabon nasa. Karnukan aikinsu sun kasu uku, kowanne da baiwarsa.

Karen kora. Sarkinsu shi ne wanda ake kira Boda Koli, asalinsa daga tuddan kan iyakar Ingila da Sikotilan. Yawancinsu baƙi da fari ne, ba su da girma sosai. Makiyayi yana tsaye wuri ɗaya yana fito, kare ya zagaya can nesa, ya sunkuya, ya kafa wa tumaki ido, ya tattaro ɗaruruwa ya kawo su ƙofar shinge. Kare ɗaya yakan yi aikin mutum da yawa. Amma tumaki tsoronsa suke yi, ba a barinsa shi kaɗai da su da dare. Aikinsa kora ne, ba tsaro ba.

Karen farauta. A filayen jihohin Kansas da Oklahoma da Nebraska da Teksas akwai masu farautar koyoti da wani dogon kare siriri da ake kira Girehawun, wanda da ido yake bin nama, ba da hanci ba. Wanda ya taɓa ganin karen Buzaye na kwarin Azawak, tsakanin Nijar da Mali, ya ga irin ƙirarsa. Yana iya gudun wajen kilomita 70 a sa'a, koyoti kuwa wajen 65. Al'ada ce tsohuwa. Shugaba Theodore Roosevelt da kansa ya je irin wannan farauta a Oklahoma a watan Afrilu 1905, a kan doki. Yanzu ba doki. Ana zuba karnukan cikin akwaku a bayan a-kori-kura, a bi koyoti da mota, in an matso sai direba ya ja igiya, ƙofa ta buɗe, karnuka su diro su cim masa su kashe shi. Su ma karnukan suna shan wuya: cizo, karyewar ƙafa, da yankan waya mai ƙaya. Akwai kuma masu bin sawu da hanci, waɗanda sukan bi koyoti ɗaya sa'o'i da yawa, maharba suna jira a gaba da bindiga.

Karen gadi. Wannan shi ne nawa gwanin. Babban kare ne, yawanci fari kamar tumakin da yake tsaro, nauyinsa ya kai kilo 40 ko fiye. Akwai na duwatsun Firanis da ke tsakanin Faransa da Sifen, akwai Maremma na Italiya, akwai Akbash da Kangal na Turkiyya, akwai Komondo na Hangari. Makiyayan waɗannan ƙasashe sun daɗe da su tun kaka da kakanni. Ko Ayuba ma ya ambaci karnukan garkensa (Ayuba 30:1). Da rana za ka ga karen nan a kwance cikin tumaki, ka ce rago ne. Da dare kuwa yana zagaya garke, yana fitsari a kan iyaka, yana haushi mai kauri. In koyoti ya matso, sai ya tsaya tsakaninsa da tumaki. Ba kasafai ake kai ga faɗa ba. Koyoti ya san in ya ji rauni ba mai kawo masa abinci, sai ya juya ya koma wajen ɓerayensa.

YADDA KAREN GADI YA SHIGA AMURKA

Abin mamaki, yawancin masu kiwon tumaki a Amurka sun bar wannan hikima a baya. Sai da aka hana guba a 1972 masu kiwo suka shiga neman wata hanya. Wajen 1976 wani malamin Kwalejin Hampshire a jihar Massachusetts, Raymond Coppinger, da matarsa Lorna, suka fara aikin kawo 'yan kwikwiyo daga Italiya da Turkiyya da ƙasar da ake kira Yugoslabiya a lokacin, suna ba manoma su gwada. Cikin shekara goma sun rarraba fiye da kare 1,000. Tashar gwajin tumaki ta gwamnati da ke Dubois a jihar Idaho ita ma ta yi nata gwajin.

Suka ce karen gadi na kirki yana da hali uku: ba ya rabuwa da garke, ba ya cutar dabbar da aka ba shi amana, ba ya barin baƙo ya shigo. Suka kuma gane cewa asirin yana cikin reno. Ana sa ɗan kwikwiyo cikin 'yan tumaki tun yana da mako bakwai ko takwas, ya kwana da su, ya tashi da warinsu, har ya kai wata huɗu. In wannan lokaci ya wuce yana wasa da yara a tsakar gida, to ya zama karen mutane ke nan. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Amfanin ya fito a fili. Binciken da aka yi a jihar Colorado ya nuna cewa a 1986 masu kiwon da ba su da karen gadi sun yi asarar 'yan tumaki kusan ninki shida na masu kare, a 1993 kuma ninki biyu. Ba a ce asara ta ƙare ɗungum ba. Wani kare yakan yi wasa da 'yan tumaki har ya ji musu ciwo, wani yakan bar garke ya tafi yawo, kuma sai ya kai wajen shekara biyu kafin ya ƙware. Amma yau karen gadi ya zama ruwan dare a wajen masu tumaki a yammacin Amurka. Wasu kuma jaki suke sawa cikin garke, gama jaki ba ya ƙaunar ganin dangin kare, yakan bi shi da harbi da cizo.

Wani zai ce, Malam, ina mu ina karen Turkiyya? To, saurara. Sa'ad da masana suke wahalar kawo karnuka daga ƙetare, sai wani mai bincike, Hal Black, ya rubuta a 1981 cewa kabilar Nabaho, 'yan asalin ƙasar da ke kiwon tumaki da awaki a busasshen yankin Arizona da New Mexico, sun daɗe suna wannan aiki da karnukan gida na yau da kullum, waɗanda ba su fi namu girma ba. Suna sa kwikwiyo a garke tun yana ƙarami, a can suke ba shi abinci, ba su barin yara su ɗauke shi. A nan Afirka ma, tun 1994 wata ƙungiya a Namibiya take ba manoma karnukan gadi domin tsare awaki daga namun daji, yawancin manoman kuwa sun ce asararsu ta ragu ƙwarai.

SHIN DAIDAI NE A KASHE SHI?

Wannan tambaya ta raba kan Amurkawa. Mai tumaki yana cewa dukiyata ce, abincin iyalina ne. Maharbi yana cewa gadon kakannina ne, ina kuma rage wa barewa maƙiyi. A 2012 jihar Utah ta sa ladan dala 50 a kan kowane koyoti saboda wannan dalili na barewa. Wasu garuruwa har gasa suke shiryawa ta kwana ɗaya ko biyu, wanda ya fi kashewa ya ci kyauta. Naman kuwa ba a ci. Fatar lokacin sanyi ce kaɗai take da ɗan kuɗi, sau da yawa ma zubar da gawarwakin ake yi.

Waɗansu kuma suna cewa wannan ba farauta ba ce. Cikin masu faɗar haka har da maharba. Tun 1887 Roosevelt ɗin nan da abokansa suka kafa ƙungiyar maharba mai suna Boone and Crockett, wadda take koyar da cewa dole a bar wa naman daji hanyar tsira. Mu ma mun san wannan, shi ya sa muke cewa kowa ya ci zomo ya ci gudu. Wanda ya bi dabba da mota har ta gaji, sa'an nan ya sako mata karnukan da suka huta, bai ci gudu ba. Jihar Kalifoniya ta hana ba da kyauta a irin wannan gasa a 2014. Vermont ta hana gasar a 2018, New Mexico da Arizona a 2019, wasu jihohi kuma suka biyo baya.

Masu bincike sun kawo wani haske a cikin gardamar. A tashar gwaji ta Hopland da ke Kalifoniya an gane cewa ba kowane koyoti ne ke cin tumaki ba. Yawanci manyan nan biyu ne masu riƙe da yankin da tumaki suke kiwo a ciki, musamman sa'ad da suke da 'ya'ya a rami. In aka kawar da mai laifin, ɓarna takan tsaya na wani lokaci. In aka kashe waɗansu goma can nesa, ba abin da yake sakewa. A yammacin Teksas kuma, inda aka gwada rage koyoti da gangan, sai ɓeraye da zomaye suka ƙaru. Zomaye kuwa ciyawar dabbobi suke ci.

Mu masu bi, Maganar Allah ba ta bar mu cikin duhu ba. Dawuda ya kashe zaki da beyar sa'ad da yake kiwon tumakin mahaifinsa (1 Sama'ila 17:34-35). Saboda haka ba zunubi ba ne mutum ya tsare garkensa. Amma ku lura, wanda ya ɗauki ɗan ragon shi Dawuda ya bi. Bai tara samarin Baitalami su ƙare zakunan ƙasar ba. An sa Adamu a gona domin ya nome ta, ya kuma kiyaye ta (Farawa 2:15), watau shi wakili ne, ba mai shi ba. Shari'ar Musa ta hana a kama uwar tsuntsu tare da 'ya'yanta (Maimaitawar Shari'a 22:6-7), domin kada iri ya ƙare. Karin Magana 12:10 kuma ta sa kula da ran dabba cikin alamun adali. Wannan ya shafi karen da muke turawa faɗa, ya shafi dabbar da muke bi.

Mahaifina bai yi makaranta ba, amma yana da dokokinsa. Ba ya fita farauta da farkon damina sa'ad da namun daji suke da ƙananan 'ya'ya. Ba ya kashe abin da ba za a ci ba, sai wanda ya yi ɓarna. Ba ya cinna wa daji wuta don gafiya. In an dawo kuma, Duna yana da rabonsa kafin kowa ya ci. A ganina, kafin mutum ya ɗaga hannu a kan dila ko koyoti, sai ya tambayi kansa abu huɗu. Na tabbata shi ne ya yi ɓarnar? Na yi iyakar ƙoƙarina wajen tsare dabbobina? Hanyar da zan bi za ta taɓa wanda ba ruwansa? Don tsaro nake yi, ko don a yabe ni?

ABIN DA ƘUNGIYA ZA TA IYA YI

1. A duba gawa kafin a yanke hukunci. Koyoti da irinsa a maƙogwaro suke kamawa, su ɗauki ɗaya su ci. Karen gida kuwa yakan yayyage cinya da gindi, ya raunata da yawa, ya ci kaɗan. A feɗe fatar wuyan. In akwai jini ya taru a ƙarƙashin wurin cizo, da rai aka kama dabbar. In babu, ta riga ta mutu kafin a ci. In ba gawa ba jini, a tuna da ɓarawo mai ƙafa biyu.

2. A shigar da awaki da tumaki garke kafin magariba, kada a sake su sai rana ta fito. Masu ciki da masu ƙananan 'ya'ya a tsare su kusa da gida. A toshe ƙasan shinge da ƙaya.

3. A binne mushe da mahaifa da zurfi. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mushen da aka yar a bayan gari shi ke koya wa dila ɗanɗanon akuya.

4. A reni karen gadi. A zaɓi kwikwiyo daga uwa mai natsuwa, ba mai bin kaji ba. A sa shi cikin 'yan awaki yana da mako bakwai ko takwas, a yi masa ɗan lungu inda manyan awaki ba za su tunkuye shi ba. A can za a riƙa ba shi abinci kullum, tuwo da ɗan abin gina jiki. Kayan cikin dabba a dafa tukuna saboda tsutsa. Ya san mai shi, amma kada yara su mai da shi abin wasa. In ya fara bin 'yan awaki da gudu, a tsawata masa nan take. Kada a kai shi farauta ko sau ɗaya.

5. A yi wa kowane kare allurar haukan kare yana da wata uku, a sake kowace shekara. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom tana yin wannan allura, malamin dabbobi zai nuna muku inda za a samu. Ƙungiya ta haɗa kuɗi a kira shi rana ɗaya. Wanda kare ko dila ya ciza, ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa minti 15, ya tafi asibiti ran nan, kada ya jira.

6. Ƙungiya ta sa doka a rubuce cewa ba mai sa guba a mushe. Maganin ƙwari na gona ne.

7. In an yi duk wannan, wani dila ya nace wa garke ɗaya, a nemi maharbi mai hankali ya yi kwanto a wurin da yake shigowa, ya kawar da shi kaɗai, bisa ga dokar farauta ta jiharku.

Uwar nan da ta kawo kuka ta karɓi shawara. Matasan ikkilisiya sun taya ta gyara shinge, wani dattijo kuma ya ba ta kwikwiyo daga karyarsa. Da na bi ta can makon jiya na tarar da shi yana barci a tsakanin 'yan awaki biyu, jikanta yana leƙe ta shinge yana so ya ɗauke shi, ita kuwa tana hana shi. Da sauran watanni kafin a san ko zai yi gadi. In Allah ya kai mu, zan kawo muku labarinsa.

Ku karanta wannan a taronku na gaba, ku tattauna tambayoyin nan huɗu, sa'an nan magatakarda ya rubuto mana abin da kuka shirya. Wanda kuma yake da kare ko jaki mai tsaron garke, muna so mu ji yadda ya rene shi. Allah ya tsare mana dabbobinmu, ya ba mu damina mai albarka.